Laifin da Baba Ya Amsa

Shafi na 19

Masu cika min akwatin saƙo da "ina ci gaba", na gani, ba share ku na yi ba. Ku gyara zama.

*

Tun safe ake ruwa a garin Logan, irin siririn nan da ba ya ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa.

Sieni ta tarar da mahaifinta, Lafaele, a gareji. Nan ne wurin zamansa in abu ya dame shi. Yana ɗaure da zanensa na zaman gida, tsohuwar kwamfutarta a buɗe a gabansa kan teburin guga. Kunnawa kaɗai ya iya. Shi ya sa ya kira ta.

"Ke kaɗai kika zo? Ina mijin naki?"

"Tanielu yana wurin aiki, Baba. Ko Asabar ba sa barin shi."

Ta dafa bango ta zauna a hankali kan kujerar roba. Cikin ya shiga wata na bakwai. Biyun da suka gabace shi ba su kai haka ba, don haka gidan gaba ɗaya lallaɓa ta ake kamar ƙwai.

"Mama fa?"

"Ta kwanta. Kar ki tashe ta."

"Kullum na zo tana kwance. Tun da ta dawo daga Samoa ba ta da aiki sai barci."

"Gajiyar hanya ce."

"Har yau gajiyar hanya?"

Ya turo mata kwamfutar.

Maganar ba sabuwa ba ce a wurinta. Kamarar da ke rataye a saman babban titi ce ta ɗauki motarsa, wai wanda ke zaune kusa da direba bai ɗaura bel daidai ba, kuma laifin a wuyan direba yake. Tara ta zo, da makin laifi a kai. Makin Baba kuwa dama saura kaɗan ya cika, in ya cika a karɓe lasisi. Shi da ke tuƙa ƙaramar bas yana kai tsofaffi cibiyar da suke wuni, ba lasisi ba aiki. Da farko zuciya ya yi, ya ce ba zai biya ba, kotu za shi, sai ya yi wa alƙali bayani da bakinsa. Yanzu ranar kotun ta matso.

"Fasto ya ce ana iya amsa laifi ta cikin abin nan, ba sai mutum ya je ba," in ji shi. "Shiga ki danna musu na amsa."

"Ka amsa?"

"Na amsa."

"Baba, kai ne fa ka ce ko ɗaure ka za a yi sai ka ga alƙali."

"Na fasa."

"In ka amsa makinka ya cika. Za su karɓe lasisin."

"Na ɗan lokaci ne."

"Su kuma a wurin aikin jiran ka za su zauna yi? Ka san akwai masu layi a kan motar nan."

"Ke dai danna."

Ta shiga shafin kotun. Ta rubuta sunansa, ta kwafe lambar da ke jikin sammacin. Shi kuwa ya zuba wa ruwan da ke ɗiga daga bakin kwano ido.

"Akwai wurin da za ka rubuta wa alƙali uzuri, ko zai sassauta. Me zan sa?"

"Ki ce na yi kuskure, ba zan ƙara ba."

"Shi ke nan? Wa ka ɗauko ranar?"

"Wata tsohuwa ce daga coci."

"Wacce?"

"Ba ki san ta ba."

Sieni ta ɗago ta dube shi. A cocin nan aka yi mata baftisma, a nan aka ɗaura mata aure. Babu tsohuwar da ba ta taɓa murɗe mata kunne ba.

"Bari in duba hoton tukuna," ta ce. "Wani lokaci kamarar ce ke kuskure. Baƙin bel a kan baƙar riga ba ya fitowa. Haka aka yi wa wata a wurin aikinmu, daga baya aka soke."

"Kar ki buɗe."

Da sauri ya faɗa, har da miƙo hannu.

"Sieni. Na ce kar ki buɗe."

Yatsanta ya riga ya sauka.

Hoton ya buɗe a hankali, daga sama zuwa ƙasa. Ta saman gilashin gaba aka ɗauka, fuskoki ba su fito ba, daga haɓa ne zuwa cinya. A kujerar gefe mace ce zaune cikin riga mai zanen furanni. Ta zagayo da bel ɗin ta ƙarƙashin hammata, ta rungume ɗan ƙaramin matashi a ƙirji. Gefe ɗaya na rigar a cike yake, ɗaya gefen ya kwanta shafe. Wata siririyar roba ta fito daga ƙasan rigar ta shiga wata 'yar jaka da ke kan cinyarta.

Sieni ta matso da fuskarta kusa da hoton.

"Wannan rigar Mama ce."

"Riga ai iri ɗaya da yawa ake yi."

"Ni na ɗinka ta, Baba. Yadin bai isa ba, na yi wa hannun ƙari da wani. Ga ƙarin nan."

Ya sunkuyar da kai.

Ta kai ido kan kwanan watan da ke ƙasan hoton. Watan Mayu, mako na biyu.

"Ranar nan Mama tana tsibirin Savai'i, can Samoa. Ta tafi bikin buɗe dutsen kabarin Kawu."

Ya mayar da ido kan ruwan.

"Ni na haɗa mata akwati. Kai ka ce in yi kwanciyata, kai za ka kai ta filin jirgi."

Ya gyara ɗaurin zanensa.

"Ba ta je ba ko?"

"Ba ta je ba."

"Ina take?"

"Asibiti. Da aka sallame ta sai gidan Gwaggonki Pua a Ipswich, har ta ɗan ji ƙarfi."

"Me ya same ta?"

Lafaele ya shafa ƙirjinsa da tafin hannu, gefen hagu, kamar shi aka yanka.

"Kansa ce. Sun cire gefen gaba ɗaya. Bel ɗin yana bi ta kan ɗinkin, shi ya sa ta sauke shi."

Ɗan cikin ya motsa da ƙarfi. Sieni ta dafe wurin, tana jan numfashi ta baki. Abubuwa suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Yadda Mama ba ta taɓa ɗaga kiran bidiyo ba duk tsawon tafiyar, wai a ƙauye ba a samun layi. Yadda ta dawo da ɗankwali a ka, ita da ba ta ɗaurawa sai za ta shiga kicin. Yadda take ba da gefe in za a rungume ta.

"Tsarabar fa? Ƙullin kokon Samoa da ta kawo min, da tabarmar nan?"

"Shagon ɗan Tonga na unguwar Woodridge."

Wata 'yar dariya ta kufce mata, marar daɗin ji.

"Har na ce mata ƙamshin gida nake ji a jikin tabarmar."

"Ta yi kuka ranar, bayan kin tafi."

"Tun yaushe kuka sani?"

"Makon da kika yi zubar jini aka kwantar da ke. Kina bene na uku, ita tana ƙasa ana ɗibar namanta don gwaji. Tana gamawa ta hau wurinki da kwanon gwaza." Ya goge ido da bakin zanensa. "Likitanki ya ce jininki ya hau, kar a tayar miki da hankali. Uwarki ta ɗauko Littafi Mai Tsarki ta ɗora hannuna a kai. Ta ce in kika rasa na uku saboda ita, ba za ta yafe min ba."

Sieni ta share fuska da bayan hannu. Ta gyara zama, ta jawo kwamfutar. In ta samu abin yi ba za ta faɗi ba.

"To ai wannan uzuri ne, Baba. Babba ma. Takardar likita kawai za a karɓo, a nuna wa alƙali cewa aiki aka yi mata. Ba sai ka amsa komai ba. Tunda na riga na sani, ba sauran abin ɓoyewa."

"A'a."

"Me ya sa?"

"Ki danna abin da na ce."

"Za ka zubar da aikinka a kan abin da kake da hujja?"

"Ba zan tsaya gaban alƙali da hoton nan ba."

Yadda ya faɗa ne ya sa ta koma kan hoton. Ɗazu gefe ɗaya kawai ta kalla. Yanzu ta dubi ɗayan.

Hannuwa biyu a kan sitiyari. Na daman akwai zane a jiki, baƙi, tun daga wuyan hannu har gwiwa, layi-layi kamar saƙar tabarma. Ta san kowane layi. Tana zaune a gefe aka yi shi, tana goge wa Tanielu zufa yana cije baki yana cewa ba zafi.

Ta dubi hannun mahaifinta. Ba ko ɗigo.

"Baba."

"Na'am."

"Ba kai ke tuƙi ba."

"Motata ce."

"Ban tambaye ka motar wa ce ba."

Ya yi ajiyar zuciya mai tsawo. Kafaɗunsa suka sauka.

"Ranar da za a sallame ta ina da tsofaffi a mota, ba wanda zai karɓe ni. Na roƙi mijinki ya ɗauko ta. Ya ajiye tasa ya ɗauki tawa, don tawa ta fi sauƙin shiga."

"Ce min ya yi kaya ya kai Toowoomba."

"Ni na ce ya faɗi haka."

Ta tuna ranar. Ya dawo bai taɓa abinci ba. Ya zauna a bakin gado da takalmi a ƙafa, daga baya ya ɗora kai a kan cikinta ya yi shiru. Ita kuwa ta hau shi da faɗa, wai ya canza, wai in wata ce a waje ya fito ya faɗa mata. Bai kare kansa ba. Haƙuri kawai ya ba ta.

"To ka rubuta sunansa mana. Akwai wurin da ake faɗin wanda ya tuƙa."

"In na rubuta, takardar gidanku za ta je. Wa ke buɗe wasiƙu a gidanku?"

Ta san ita ce.

"Kuma shi ma makinsa ba yawa ne ya rage ba. Babbar mota yake ja, da ita kuke ci. Ga jariri a hanya. Ni tsoho ne, zaman gida ba zai kashe ni ba."

"Da ka ce za ka kotu fa?"

"Wauta ce. Na ɗauka magana kawai zan yi a tausaya min. Sai Fasto ya ce za su haska hoton a gaban kowa. Alƙali ya dubi hannun nan, ya dubi nawa. In faɗi gaskiya in jefa yaron, in yi ƙarya a gaban shari'a in jefa kaina. Ta nan kuwa ba wanda zai ga hannuna."

"Amma ita ma ƙarya ce, Baba. Za ka amsa abin da ba ka yi ba."

"Na yi. Ni na aike shi."

"Tanielu ya yarda da wannan?"

"Bai yarda ba. Har nan ya zo ya durƙusa, ya ce in bar shi ya ɗauki abinsa. Na ce in ya ƙara tayar da maganar kar ya sake taka min gida."

Sieni ta jingina da bango. Ruwan ya ɗan ƙaru, yana kaɗa kwanon gareji.

"Kowa ya sani ke nan. Kai, da mijina, da Gwaggo Pua. Har Fasto."

"Don ke aka yi."

"Matan ƙungiyar waƙa fa?"

Ya kau da kai.

"Su ma." Ta gyaɗa kai. "Shi ya sa suke kallona haka ranar Lahadi. Na ɗauka cikin suke tausaya wa. Ina zaune a tsakiyarsu ina ba su labarin yadda Mama ta ji daɗin Samoa."

"Sieni, jininki."

"Kar ka ƙara ce min jinina. Uwata aka yanka ina gida ina zaɓen launin labulen ɗakin jariri."

"Rage murya, za ki tashe ta."

"Ta riga ta tashi."

Daga ƙofar kicin maganar ta fito.

Mahaifiyarta Eseta ce tsaye, ta dafa ƙyauren. Matar da in ta ja waƙa a coci har waje ake jin ta, wadda maza biyu ba sa iya ƙwace tukunyar da ta riƙe. Yau Sieni ta kalle ta da idon da ya sani. Rigar ta yi mata yawa. Wuyan ya zama siriri. Girar ma babu, da fensir aka ja ta.

"Mama."

"Kar ki tashi. Zauna." Eseta ta tako a hankali, ta dubi kwamfutar, ta dubi mijinta. "Na ce maka ka kai wa Fasto ya danna maka. Ka ce sai 'yarka. Ga shi nan."

"Fasto ya ce shi ba zai sa hannu a ciki ba."

"Amma bakinsa ya iya ba da shawara."

Ta zauna a kan akwatin sanyaya lemo, kusa da Sieni. Sieni ta miƙa hannu za ta rungume ta, sai ta tsaya a hanya, ba ta san inda za ta taɓa ba. Eseta ta kama hannun ta ɗora a kan kumatunta.

"Nan ba ciwo."

Nan kukan ya ƙwace wa Sieni. Ba mai sauti ba, kafaɗunta ne kawai ke girgiza. Eseta ta bar ta ta yi, tana shafa mata bayan wuya kamar yadda take yi tun tana ƙarama.

"Ya isa. Kina girgiza min jika."

"Me ya sa, Mama? Ni ce fa 'yarki. Ni kaɗai gare ki."

"Shi ya sa."

"Da na zauna da ke. Da na yi miki wanka."

"Da wane bayan? Ke da takalmi ma sai an sa miki." Ta goge mata hawaye da babban yatsa. "Na ga yadda kika koma bayan na biyun. Wata guda ba ki buɗe labule ba. Ba zan iya sake ganin wannan ba. Ki yi fushi da ni, na yarda. Mijinki kuwa kar ki taɓa shi, yaron kirki ne. Duk hanyar nan tafiyar kunkuru ya yi da ni, yana ba ni haƙuri a kan kowane rami. Shi ya ce in sauke bel ɗin da ya ga ina cije leɓe."

Ta juya ta nuna kwamfutar da haɓa.

"Yanzu danna wa ubanki abinsa a wuce wurin."

"Ba zan danna ba."

"Sieni."

"Ba zan danna ba, Mama. Ranar Litinin za mu je a karɓo takardar likita. Tanielu ya faɗi cewa shi ne, a haɗa da takardar, alƙali ya duba. Ba wanda zai rasa lasisi."

"Takardar sai na je da kaina za a rubuta."

"To sai mu je tare."

"Ba za ni ba."

"Mama, ki tsaya ki yi tunani. In aka karɓe lasisin Baba, wa zai riƙa kai ki asibiti? Ai ba a gama ba, ko? Akwai ruwan maganin da ake ƙara miki, shi ya zubar miki da gashi. Tanielu yana aiki, ni an hana ni tuƙi mai nisa. A bas za ki riƙa dawowa kina amai?"

"Duk ranar Laraba ne," in ji Lafaele a hankali. "Na faɗa mata haka. Ta ce Pua za ta riƙa kai ta."

"Gwaggo Pua ba ta da mota, Baba."

Lafaele ya ɗago.

Eseta ba ta kalli kowa ba. Ta sa hannu tana gyara bakin rigarta a kan gwiwa, tana miƙar da shi, duk da ba abin da ya same shi.

"Ba sauran mai kai ni," ta ce. "Na daina zuwa. Tun watan jiya."

Fuskar kwamfutar ta dushe, ta yi baƙi.

"Wace irin magana ce wannan, Eseta?" in ji Lafaele. "Ni nake sauke ki a ƙofar asibitin da hannuna. Ko Larabar nan da ta wuce na sauke ki. Na dawo na ɗauke ki."

Sai a lokacin ta juyo ta dube shi.

"Kana sauke ni. Ka taɓa tsayawa ka ga na shiga?"